Besfa, Hunturu da Jirgin Alhazai

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya mu waiwayi baya. Mu marubuta mun saba ɗora jarumi a jirgi, ya karya kumallo a Kano ya ci abincin dare a Landan, kamar haka duniya ta taso. To, ba haka ba ne.

Bari in fara da babur ɗin Vespa, wanda mu muke kira Besfa. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946, sunan kuma da yarensu yana nufin rina, saboda siririn ƙugunta da kukanta. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayenta. A zamanin Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966, mai Besfa babban mutum ne. Ni a ganina ba a taɓa yin babur da ya dace da Bahaushe kamarta ba: ka haɗe ƙafafu, babbar rigarka ba ta shiga sarƙa, garkuwar gaba kuma ta tare maka iska. Wanda ya taɓa bin hanyar Kongolam ko Zango da asubar hunturu ya san darajar wannan garkuwa.

Hunturun nan kuwa ba mai babur kaɗai yake wahalarwa ba. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yakan rufe sama har direban jirgi ya kasa ganin fili.

Jirage sun fara sauka a Kano tun 1925, amma masu farfela ne. Jirgin fasinja na farko mai injin jet shi ne Comet na Ingila, wanda ya fara aiki a 1952. A 1954 aka dakatar da shi bayan biyu sun tarwatse a sama saboda gajiyar ƙarfe. Sai Boeing 707 na Amurka ya biyo a 1958. Hajin da kakanninmu ke yi da ƙafa ta Cadi da Sudan, shekara da shekaru, ya koma tafiyar sa'o'i.

Amma ni'imar ta zo da jarrabawa. Ranar 22 ga Janairu, 1973, tsakiyar hunturu, wani 707 na ƙasar Jodan da ya ɗebo alhazai daga Jidda aka karkato shi daga Legas saboda rashin kyan yanayi. Ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana marubuta, in za mu sa jirgi ko babur a littafi, mu tambayi dattawanmu tun suna raye. Ƙarfe yakan tsufa a jefar, labarinsa kuwa in ba mu rubuta ba, wa zai rubuta?