Yadda maganin makero ya zama maganin cutar Kushin

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake, likitoci na kiranta fituwitari. Idan ƙari ya fito mata, takan matsa wa wasu tsokoki biyu da ke saman ƙoda su riƙa kwararo sinadarin kotizol fiye da ƙima. Sai fuska ta kumbura, ciki ya yi teɓa, ƙafafu su rame, ga hawan jini da ciwon sukari. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, shi ya danganta wannan ciwo da ƙarin a 1932, cutar ta ci sunansa.

Tiyata ce maganin farko, ana cire ƙarin ta hanci. To amma ba kowa take warkarwa ba, wani ma ƙarin kan dawo. Masana sai suka ce idan an kasa toshe idon ruwa, a tare shi a kwari, wato a dakatar da sinadaran enzayim da ke ƙera kotizol ɗin a saman ƙoda.

Kamfanin Ciba na Suwizalan ya fitar da ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, metirafon, a ƙarshen shekarun 1950. An fara amfani da shi ne wajen gwada lafiyar fituwitari kafin a mai da shi magani.

Labarin ketokonazol ya fi ɗaukar hankalina. Kamfanin Janssen na Beljiyam ya haɗa shi ne don makero da danginsa, Amurka ta amince da shi a 1981. Ba a jima ba aka ga wasu mazan da ke shan sa nonuwansu na girma. Likitocin da suka tsaya suka bi diddigin wannan ƙorafi sun cancanci yabo, domin ta nan aka gano yana hana jiki ƙera sinadarin mazakuta da kotizol. A 2013 Turai ta dakatar da shan ƙwayar don cutar fata saboda tana lahanta hanta, amma a 2014 ta amince da ita ga masu cutar Kushin.

Osilodirostat ma hawan jini aka nufa da shi a kamfanin Novartis. Turai da Amurka suka amince da shi ga masu cutar Kushin a 2020.

Duka ukun ba sa taɓa ƙarin kansa, yana nan zaune. Shi ya sa mai shan su ba ya rabuwa da awon jini da hoton ƙwaƙwalwa.