Yadda Masu Hasashen Yanayi Suka Ɗage Ranar Kai Farmakin Nomandi

Idan ka karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, za ka ga ranar 6 ga Yuni, 1944, a matsayin ranar da sojojin ƙawance kusan 156,000 suka sauka a gaɓar Nomandi ta Faransa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ranar 5 ga wata aka tsayar tun farko. Waɗanda suka sa aka ɗage ta kuwa masana yanayi ne, ba janar-janar ba.

Don ka fahimci nauyin aikinsu, sai ka fara sanin cewa farmaki ne na haɗin gwiwa, kuma kowace runduna da irin yanayin da take so. Sojojin laima suna buƙatar hasken wata da iska mai sauƙi. Masu jiragen sama suna so gajimare ya yi nisa don su ga inda za su jefa bam. Sojojin ruwa suna so teku ya lafa, kada ƙananan jiragen sauke dakaru su kife. Ga kuma batun cikowa da janyewar ruwan teku: Jamusawa sun kakkafa turakun ƙarfe da nakiyoyi a bakin gaɓa, waɗanda ruwa ke rufewa idan ya ciko. Dole kenan a sauka da asuba, jim kaɗan bayan ruwa ya janye, yadda injiniyoyi za su gansu su fasa su.

An riga an ɗanɗana kuɗar raina wannan lissafi. A Nuwamban 1943, a tsibirin Tarawa na tekun Fasifik, ruwa bai ciko yadda aka zata ba, jiragen sojojin Amurka suka maƙale a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Sojoji suka riƙa tafiya a ƙafa cikin ruwa ana yi musu ruwan harsashi.

Shi cikowar ruwa da sauƙi, domin wata da rana ne ke juya shi. Arthur Doodson, a cibiyar nazarin teku da ke kusa da Liverpool, ya lissafa shi da na'urori masu ƙafafun ƙarfe da wayoyi. Da aka haɗa lissafin da hasken wata, sai ranaku uku kacal suka dace: 5, 6 da 7 ga Yuni. Igiyar ruwa ma an fara iya hasashenta, saboda Harald Sverdrup da Walter Munk a Amurka sun samar da hanyar ƙiyasta tsayinta daga ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa.

To, iska da hadari ne masu wuyar sha'ani. Babu tauraron ɗan'adam, babu kwamfuta. Tawaga uku ce ke hasashe: ta hukumar yanayi ta Birtaniya, ta sojojin ruwan Birtaniya, da ta sojojin saman Amurka. Kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Amurkawa, su Irving Krick, suna kwatanta taswirar yau da ta shekarun baya, suka ce 5 ga wata za ta yi kyau. Su Sverre Petterssen, ɗan ƙasar Norway, suna duban iskar can sama, suka ce hadari na tafe. Aikin James Stagg, ɗan Scotland, shi ne ya saurare su ta waya, ya tace, ya kai wa Janar Eisenhower magana ɗaya. Ka ga dalili ai: da kowace runduna za ta bi nata hasashen, da jiragen ruwa sun tashi alhali na sama suna ƙasa.

Ranar 3 ga Yuni, rahoto daga hasumiyar Blacksod a yammacin Ailan ya nuna nauyin iska yana faɗuwa da sauri, alamar hadari daga tekun Atlantika. Da asubahin 4 ga wata, Eisenhower ya ɗage farmakin da kwana ɗaya, aka kira jiragen da suka riga suka kama hanya. Da daren ranar, ana tsaka da ruwa da iska, Stagg ya dawo ya ce za a samu ɗan sarari ranar 6. Da asubahin 5 ga wata aka ba da umarnin tafiya.

Jamusawa fa? Ba su da isassun tashoshin awo a Atlantika, sai suka ɗauka mugun yanayin zai daɗe. Har Rommel, mai kula da tsaron gaɓar, ya tafi gida Jamus bikin zagayowar haihuwar matarsa.

Kada ka zaci ranar 6 ta yi lafiya lau. Teku ya yi ta tumbatsa, sojoji da dama suka yi ta amai a cikin jirage, kuma a gaɓar Omaha tankoki masu iyo 27 cikin 29 da wata bataliya ta saki a ruwa sun nitse. Amma da an jira, sai wajen 18 zuwa 20 ga Yuni ruwa zai sake dacewa. Ranar 19 kuwa wata muguwar guguwa ta taso, ta kwana uku tana kaɗawa, ta ragargaza tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da aka gina a Omaha. Da a tsakiyarta rundunar za ta tsallaka.

Darasin da rundunonin duniya suka riƙe ke nan har yau: idan sojan ƙasa, na ruwa da na sama za su yi aiki tare, hasashe ɗaya za su bi. Shi kuwa lissafin igiyar ruwa na Sverdrup da Munk, daga shi aka ɗora hasashen da jiragen dakon kaya da masunta ke dubawa kafin su shiga teku.