Turaren kaka da hanyoyin da ya biyo

Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, sanyin asuba ya fara taɓa jiki. Yanzu ne ake buɗe adaka a fiddo tufafin da suka kwana damina, a tarar suna warin laima. Yanzu ne kuma bukukuwan aure suke yawa, don manomi ya samu abin hannu. Shi ya sa kasuwar turare take ci da kaka. To, kafin ku kai kuɗin wake ko na gyaɗa wurin mai turare, ya kamata ku san asalin abin da ya baza a gabansa. Wanda ya san asalin kaya, da wuya a cuce shi.

Turaren da ya fi daɗewa a ƙasarmu, daji ne ya ba mu shi. Akwai kajiji, wanda ake tono a fadama da bakin tabki in ruwa ya janye. Akwai saiwar jema. Akwai ƙaron dashi da na hano, waɗanda itace ke fitarwa in rani ya kama. Ku lura, dukansu bayan damina ake samun su. Kakanninmu ba su zauna sun yi shawara sun ce ga turaren kaka ba. Lokacin ne da kansa ya kawo shi, daidai sa'ad da ake bukatarsa. Akan zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turaren, a kife kwando, a shimfiɗa tufa a kai. Zafi ya kori laima, hayaƙi ya kama zare, har a yi kwanaki ƙamshin bai fita ba.

Na biyu shi ne turaren ayari. Tun kafin zuwan Nasara, fatake suna tasowa daga Turabulus, su biyo ta Gadamas da Gat, su ratsa Abzin da Damargu, su sauka Damagaram, sannan su wuce Kano. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya bi wani sashe na wannan hanya. Ya shiga Agadas cikin 1850, ya wuce ta Tasawa da Katsina, ya isa Kano farkon 1851. Cikin kayan da ya rubuta ana kawowa daga arewa akwai lubban, da jawi, da kanumfari, da man wardi, da wata saiwa mai ƙamshi da ake kira simbil.

Ku dubi nisan da kayan nan suka sha. Jawi ƙaron wani itace ne na tsibirin Sumatara, can ƙasar Indonesiya. Larabawa ne suka sa masa suna lubban Jawi, watau lubban na Jawa, mu kuma muka gajarta. Kanumfari ma asalinsa tsibiran Indonesiya ne, sai cikin ƙarni na 19 aka cika Zanzibar da gonakinsa. Lubban kuwa daga kudancin ƙasar Larabawa da Somaliya yake fitowa. Abin mamaki shi ne simbil: a kan duwatsu masu ƙanƙara na ƙasar Otirish, tsakiyar Turai, ake tono shi. Duk wannan kaya, sai ya hau jirgin ruwa, sannan ya hau raƙumi ya yi watanni cikin hamada. Don haka ya yi tsada. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, sa'ad da Larabawan Gadamas da na Turabulus suke da gidaje a Zinder, irin wannan turare na sarakuna ne da attajirai. Talaka yakan sayi ɗan kaɗan ya haɗa da kajijinsa. Wannan haɗi shi ne tushen turaren wutan da kuka sani.

Akwai kuma hanyar gabas, wadda a da alhazai suke bi da ƙafa ta Cadi da Sudan. Ta nan ne ilmin humra ya shigo. Sunan ma na Larabcin Sudan ne. Ana haɗa ta da sandal, itacen da ke zuwa daga Indiya, da almiski, da farce. Farcen nan ba na mutum ba ne, murfin wani dodon koɗi ne na Bahar Maliya. In ba a wanke shi sarai an soya ba, ƙarni yake yi. Matan Barebari da na Larabawan Shuwa su ne gwanayen wannan aiki, har yau kuwa ba a raba su da shi ba.

Cikin 1911 abu biyu suka karya ayari: jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, Italiya kuma ta kai wa Turabulus yaƙi. Kaya suka koma shigowa ta kudu, ta hannun kamfanonin Turawa. Sai turaren kwalba ya bayyana. Wanda ya fi suna shi ne Bint el Sudan, da muke kira Bintu Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya fara yi cikin 1920. Ku san dalilin da ya sa ya karɓu? Da mai aka yi shi, babu alkol ciki, don haka Musulmi suka shafa ba tare da shakka ba, mata kuma suka riƙa zuba shi cikin turaren wuta da humra. Watau Bature bai kawo sabon ƙamshi ba, namu ya shinshina ya ɗura a kwalba.

To, me wannan tarihi zai amfane ku a kasuwa? Iskar da ke tafe busasshiya ce. Turaren fesawa mai alkol yana tashi nan da nan, kuma yana ƙara busar da fatar da hunturu zai fasa. Mai nauyi shi ya dace da wannan lokaci: hayaƙi ga tufafi da ɗaki, mai ga jiki. In za ku sayi turaren wuta, ku ce a ɗora kaɗan a garwashi a gabanku. In ƙauri ya riga ƙamshi fitowa, an cika shi da sukari da itacen banza. In na kwalba ne, ku ɗiga a bayan hannu, ku zaga kasuwa ku dawo, sannan ku yi ciniki.

Abu ɗaya ya rage, kuma ku kiyaye shi da kyau. In sanyi ya tsananta, kada ku rufe ɗaki ruf da kaskon garwashi a ciki ku kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci, yara kuwa su take fara kamawa. A turara ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko waje, sannan a shigo da yara.