Ƙotar wuƙar aljihu: daga maƙerun Turai zuwa kasuwannin Gobir

A ƙasar Gobir, daga Tibiri zuwa Cadakori, wuƙar gargajiya aikin mutum uku ce. Maƙeri shi ke fid da ruwan wuƙa, ya bar mata wutsiya. Masassaƙi ya sassaƙo ƙota da icen ƙirya ko na aduwa, a gasa wutsiyar a wuta, a cusa ta ciki har ta kama. Daga nan sai baduku ya ɗinka kube, sau da yawa da fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har Turai. Ana auna ƙota da tafin hannun mai ita, shi ya sa ta mahauci ke da kauri, ta malamin da ke fiƙe alƙalami kuwa ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Zamanin mulkin mallaka, lokacin da kantunan Faransawa suka kafu a Maraɗi saboda cinikin gyaɗa, hajar Turai ta shiga kasuwannin ƙauye, kuma a cikinta har da wuƙa mai naɗewa. Wannan baƙuwa ta zo da abin da ba a saba gani ba: ƙotarta ita ce kubenta. In an gama aiki sai a kifa ruwan cikin ƙota, a jefa aljihu. Ke nan nauyi biyu ya hau kan ƙota, ta zauna daidai a hannu, ta kuma ɓoye kaifi. Kowane gidan ƙira na Turai da irin hanyar da ya bi wajen sauke wannan nauyi.

Wasu sun tsaya ga icce. A 1890 Joseph Opinel, ɗan gidan maƙera na yankin Savoie a Faransa, ya fara ƙera wuƙarsa mai ƙotar icce guda, zagayayya, da aka tsaga mata wurin kwanciyar ruwa. Sai a 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe mai juyawa, wanda ke hana ta naɗewa bisa yatsun mai aiki. Tana da daɗin riƙo, amma icce na shan raɓa: da damina ƙotar kan kumbura ta riƙe ruwan gam. A Solingen ta Jamus kuma, tun 1902 aka fara ƙera wuƙar Okapi don kasuwannin Afirka, mai ƙotar icce wadda a wasu samfurori ake yi wa adon wata da taurari. A 1988 ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu.

Gidan Cognet na birnin Thiers, cibiyar ƙirar wuƙaƙe ta Faransa, ya ɗauki wata hanya dabam. A 1929 Gaspard Cognet ya fito da wuƙar da ya sa wa suna Douk-Douk. Babu icce a jikinta ko kaɗan. Fallen ƙarfe guda aka lanƙwasa biyu ya zama ƙota, aka sa ruwa, da siririn ƙarfen da ke danne shi daga baya, da ƙusa biyu, da ɗan zoben rataya: guntaye shida ke nan. Ƙota irin wannan gara ba ta cin ta, laima ba ta kumbura ta, ba ta cika aljihu, ga araha. Aibinta shi ne, in aiki ya yi tsawo gefen ƙarfen na cin tafin hannu, in an manta ta a rana kuma sai ta yi zafin da ba a iya taɓawa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne zanen da aka buga a jikinta. Cognet ya yi niyyar sayar da wuƙar a tsibiran Melaneziya, can cikin tekun Pasifik, don haka ya zana wa ƙotar hoton dodon wata ƙungiyar asiri ta mutanen Tolai, mai doguwar hula da rigar ganye. Sunan wannan dodo ne wuƙar ta ɗauka. Can ciniki bai yi ba. Sai aka juya da ita zuwa Afirka ta Arewa, inda ta karɓu ƙwarai, musamman a Aljeriya, daga nan ta bazu cikin sauran ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka.

Sai dai siffar dodo a aljihun mai salla ba abu ne da kowa zai yarda da shi ba. Saboda masu saye Musulmi, gidan Cognet ya fito da wani samfuri mai farar ƙota mai ƙyalli, ya sa masa suna El Baraka. A madadin dodo aka zana alamar nan ta Agadas, wadda Faransawa ke kira « croix d'Agadez », adon azurfa da maƙeran Abzinawa ke zubawa. Ta haka zanen da ya fito daga maƙerun Abzin ya je Thiers, ya komo Afirka a bayan wuƙar kanti. Maƙeran Abzin sun ba da siffa, riba kuwa ta tsaya Faransa, don wuƙa da nama duk suna hannun mai masana'anta.

Ƙotar ƙarfen nan ta shiga tarihin siyasa ma. Lokacin yaƙin ƴancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, an gano cewa in aka buɗe wuƙar aka daddaki bakin ƙotar da guduma, ruwan ba ya sake naɗewa, ta zama wuƙar suka. Hukumomin Faransa suka lissafa ta cikin makamai, suka hana shigar da ita Aljeriya.

A yau wuƙaƙen aljihu da suka cika tiren ƴan koli a kasuwannin Gidan Runji, Agiye da Gazawa galibi daga Asiya suke zuwa, masu ƙotar roba, wadda in ta fashe ba mai gyara ta. Maƙeri na nan yana ƙera hauya da lauje da wuƙar mahauta, amma masu sanin wane icce ya dace da wace ƙota, da yadda ake naɗa mata fata, tsufa na cim musu. Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Tsofaffin wuƙaƙe na kwance cikin adakar kakanni. Ya kamata a fiddo su, a ɗauki hotonsu, a tambayi sarkin maƙera da dukawa sunan kowane sashe da Hausa, a rubuta, tun masu amsar suna raye.