Neman Kakanni Cikin Takardun Haraji a Ƙasar Kano

A ƙauyukan da ke arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona babu fegin banza, da wuya a sami tsohon gida wanda haraji bai ratsa tarihinsa ba. Wasu kakanninsu sun biya, wasu kuwa kakanninsu ne suka karɓa. Jikokin waɗannan na biyu su ne yanzu suke sha'awar sanin aikin da iyayensu suka yi, kuma yawancinsu suna tsammanin cewa da zarar sun shiga ma'ajiyar tarihi za su tarar da sunan kakan a rubuce. Al'amarin ba haka yake ba.

Kafin zuwan Turawa a 1903, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka su tattaro kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da zakka da jangali. Jakada bai bar takarda ba, domin aikinsa na baka ne da amana. Wanda kakansa jakada ne, sai dai ya koma wurin tsofaffin gidan sarautar da ya yi wa barance.

Rubutu ya yawaita ne a zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919. A lokacinsa aka fitar da hakimai suka zauna a gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa ma'aikata albashi. Kuɗin fito da ake karɓa wurin fatake an soke shi a 1907, saboda haka masu wannan aiki ba su daɗe a cikin takardu ba. Amma sai ga wani sabon rukuni, wato malaman taki, waɗanda ke auna gonaki da ƙafa, su ƙidaya taku, su rubuta abin da mai gona zai biya. A ƙasa mai cunkoso irin wannan, taku goma da malami ya ƙara ko ya rage na iya zama sanadin sayar da akuyar talaka, ko kuwa ya tsira da ita. Ikon da ke hannun ɗan ƙaramin ma'aikaci ke nan, ga albashinsa kuma ba ya kai wata.

Babban wurin bincike shi ne Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke ƙarƙashin sunan Kanoprof, tare da na Sakateriyar Jihar Arewa. A nan ake samun rahoton shekara-shekara na Razdan, da rahoton ƙimanta haraji na gunduma, da littafin da D.O. ke rubuta bayanin dagatai. A Kano kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa.

Sai dai mai bincike ya san abu biyu. Na farko, Bature ya fi ambaton sarauta bisa ga suna. Zai rubuta Sarkin Bai na Ɗambatta ko Madaki na Dawakin Tofa, malaminsu kuwa ya ce "malamin hakimi" kurum. Rubutun sunayen ma ya sha bamban da na yau, har Ɗambatta kan fito a matsayin Dambarta. Don haka wajibi ne a fara daga gida, a tabbatar da hakimin da kakan ya yi wa aiki da shekarun sarautarsa, sa'an nan a nemi fayil.

Na biyu ya fi nauyi. Malamin haraji da ya yi shekara talatin ba a kama shi da laifi ba, sau da yawa babu inda sunansa ya fito. Wanda kuɗi suka yi gibi a hannunsa, shi ne za a tarar da cikakken sunansa da ƙauyensa da adadin fam da sulen da suka ɓace da hukuncin alƙali. Mai neman abin alfahari na iya komawa gida da takardar tuhuma. Kuma ko ita bai kamata a haɗiye ta ɗungum ba, domin a shekarar yunwa irin ta 1913 zuwa 1914 gibi na iya nufin mutane sun watse, ko dagaci ya ji tausayi, ko babba ya ci ya jingina wa ƙarami.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a Jihar Kano a 1979. Malaman da suka rubuta rasit na ƙarshe yau tsofaffi ne tukuf, kuma a wasu gidajen guntayen rasit ɗin suna nan cikin adaka, tare da takardun gado.