Madroño: Bishiyar da ta Saba da Gatari

A watan Nuwamba, lokacin da yawancin itatuwan Turai suka kakkaɓe ganye suka tsaya tsirara, akwai wata bishiya a tsaunukan da ke kewaye da Bahar Rum wadda a lokacin ne take cin ado. Ganyenta kore shar, fararen furanninta ƙanana suna reto kamar ƙararrawa, ga jajayen 'ya'ya masu ƙurji-ƙurji, girman kanya, duk a reshe guda. Turawan Ingila suna ce mata bishiyar sitiroberi don kamannin 'ya'yan, alhali ko kusa ba dangin juna ba ne. A Sifaniya madroño ce, a Fotugal medronheiro, a Italiya corbezzolo. Sunan kimiyya, Arbutus unedo, Linnaeus ne ya raɗa mata a 1753, ya aro shi daga Pliny, marubucin Rumawa, wanda ya bayyana cewa wanda ya ci ɗaya ba ya neman na biyu.

Jajayen 'ya'yan nan furen bara ne, don sai sun shekara cur kafin su nuna. Saboda haka duk ranar da mai lambu ya ɗaga zarto, ko fure zai yanke ko ɗanyun 'ya'ya. Da yawa sukan yi ta jan ƙafa har bishiyar ta haura mita biyar, ta toshe taga, ta hana sauran shuke-shuke ganin rana.

Mutanen dā ba su san wannan fargaba ba. A wurinsu itacen ne dukiyar, kuma har rigima an yi a kansa. Tarihin da mutanen Madrid ke bayarwa shi ne majalisar gari da limaman coci sun daɗe suna jayayya kan dazuzzukan da ke kewaye da birnin, sai a 1222 aka raba gardama: ciyawar kiwo ta limamai, itatuwa da namun daji na gari. Dabbar beyar da ke tutar garin, wadda a da take tafe da ƙafa huɗu, aka miƙe ta tsaye ta dafa bishiya, don kowa ya san mai itace. Wannan alama ce Antonio Navarro Santafé ya ƙera da tagulla, aka kafa a dandalin Puerta del Sol a 1967, kuma masu kallon ƙwallo sun san ta a ƙirjin 'yan wasan Atlético de Madrid.

Abin da ya ba itacen daraja gawayinsa ne. Yana da nauyi da tauri, garwashinsa na daɗewa. A Kosika da Sardiniya da kudancin Fotugal, masu gawayi kan shiga daji da hunturu, su sare bishiyar tun daga gindi, su jera guntaye kamar rumbu, su lulluɓe da ganye da ƙasa, su sa wuta ta yi ta cin cikin a hankali kwana da kwanaki, suna gadin hayaƙi dare da rana. Ba su ɗauki saran a matsayin kisa ba. A gindinta, dab da fuskar ƙasa, akwai wani dunƙule kamar ƙatuwar doya, cike da ajiyar abinci da idanun toho. Da ɗumi ya shigo, kututturen zai fitar da rassa birjik, bayan wasu shekaru a dawo a sake sara. Shi ya sa a dajin Bahar Rum aka fi ganinta a duƙunƙune da rassa da yawa tun daga gindi, ba doguwa mai gangar jiki ɗaya ba.

Amma juriya ma tana da iyaka, kuma a Ayalan aka gan ta. A gefen tafkunan Killarney, can kudu maso yammacin tsibirin, bishiyar tana girma a daji tun da daɗewa, nesa da 'yan uwanta. Masu narka ƙarfe sun buɗe matoya a yankin Kerry, inda Killarney take, a ƙarni na 17, ciki har da na Sir William Petty a Kenmare, kuma matoyar ƙarfe ba ta ƙoshi da gawayi. Dazuzzuka suka ƙare da sauri fiye da yadda suke tofowa. Abin da ya tsira yawanci na tsibirai ne da bakin duwatsu, inda gatari da dabbobi ba sa kaiwa.

Daga ɗan ragowar nan wata sana'a ta fito. A ƙarni na 19, da Killarney ta zama wurin yawon buɗe ido, kafintocin garin suka riƙa yanka itacen siriri kamar takarda, mai ja-ja-ja, suna manna shi da wasu itatuwa masu haske da masu duhu a kan akwatuna da tebura da allunan dara. Da 'yan ɓarɓashin katako suke zana kangon Muckross da gidan sarautar Ross da molon Ayalan, baƙo ya saya ya kai tsaraba. Ziyarar Sarauniya Victoria a 1861 ta ƙara wa kasuwar armashi. Sana'ar ta shuɗe, kayan sun koma hannun masu gwanjon kayan tarihi, bishiyoyin kuma suna cikin gandun da gwamnati ta killace tun 1932.

A kudu kuwa, akwai waɗanda ba su taɓa son gatari ba. Masu kiwon zuma a Sardiniya suna jiran furen ƙarshen shekara, domin shi ke ba da zumar nan mai ɗaci wadda ta fi sauran tsada. A tsaunukan Monchique na Fotugal 'ya'yan ake tsinka da hannu ɗaya bayan ɗaya, a yi barasar medronho, wasu kuma su dafa da sukari su adana. Gobarar watan Agusta ta 2018 ta cinye kimanin hekta 27,000 a yankin, kuma medronheiro na cikin itatuwan da suka fara tofowa daga cikin toka, da ƙarfin wannan dunƙule na gindi.

Mai lambun yau magajin ɓangarorin biyu ne: yana son fure kamar mai zuma, yana buƙatar sara kamar mai gawayi. Shawarar da ta fi dacewa ita ce ya jira sanyi ya karye, wajen Maris zuwa Afrilu, bayan an cinye 'ya'yan bara kuma jaura ba za ta ƙone sabon toho ba. Ya fara da matattun rassa da masu gugar juna. Idan bishiyar ta yi girman da ya wuce kima, ya raba aikin shekara biyu ko uku, kowace shekara ya cire kashi ɗaya cikin uku na manyan rassan, don kada Nuwamba ta zo ta same ta babu ado. Wanda kuma ya ƙosa ya datse ta har ƙasa, zai yi 'yan shekaru bai ga jajayen 'ya'ya ba, amma kafin ƙarshen bazara zai tarar da jajayen tsirai sun kewaye kututturen, wasu sun kai gwiwa.