Dalma a Tankin Mota: Tarihin Gubar da Aka Sayar Shekara Kusan Ɗari

Maƙalar wannan makon kan fetur ce, da yadda wani ɗan sinadari da aka zuba cikinsa ya shiga jinin jama'ar duniya.

Fetur haɗi ne. A matatar mai ana dafa ɗanyen mai, ya rabu kashi-kashi gwargwadon nauyinsa, sannan a gauraya wasu kason a fitar da abin da muke saye a gidan mai. Ana auna nagartar haɗin da lambar okten, wato juriyar man ga matsi kafin ya kama da wuta. Idan lambar ta yi ƙasa, man yakan fashe a cikin inji ba a kan ƙa'ida ba, sai ka ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfin mota ya ragu, inji ya ci kansa.

Wannan matsala ce ta addabi masu ƙera motoci a Amurka. A watan Disamba na 1921, wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai ɗauke da dalma yana kashe ƙarar. A lokacin an san etanol ma yana wannan aiki. Sai dai etanol kowa na iya haɗa shi, shi kuwa sinadarin dalma ana iya mallakar haƙƙinsa a riƙa cin riba a kan kowane galan. A 1923 aka fara sayar da man a garin Dayton na jihar Ohayo, da sunan Ethyl. Ku lura, babu kalmar dalma a sunan.

Ba a daɗe ba gaskiya ta yi halinta. A watan Oktoba na 1924, ma'aikata biyar suka mutu a masana'antar Standard Oil da ke Bayway a jihar New Jersey, bayan sun zauce, wasu da dama kuma aka kwantar da su a asibiti. Midgley ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannu da sinadarin, ya shaƙi tururinsa, wai don a ga ba shi da illa. Masana lafiya irin su Alice Hamilton sun yi gargaɗi. An dakatar da sayarwa a 1925, amma a 1926 kasuwa ta ci gaba da ci.

Wanda ya tono maganar, masanin duwatsu ne, Clair Patterson. Yana ƙoƙarin auna shekarun duniya ne ya tarar dalma ta gurɓata duk abin da ya taɓa, har ƙurar ɗakin bincikensa. A 1965 ya wallafa cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta asali nesa ba kusa ba. A 1979 likitan yara Herbert Needleman ya auna haƙoran yara da suka fita, ya nuna cewa masu yawan dalma sun fi rauni a fahimta. Mu nan mun ga ƙarshen sharrin dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can haƙar zinari ce sanadi. Ta salansar mota a hankali take kisa, shi ya sa aka daɗe ba a damu ba.

Abin mamaki, lafiyar na'ura ce ta hanzarta korar dalma. Daga 1975 sababbin motocin Amurka suka fara zuwa da na'urar tace hayaƙi, wadda makanikanmu ke wa laƙabi da indomi, ita kuwa dalma kashe ta take yi. Dole matatu suka koma ɗaga okten ta hanyar sauya ƙirar man a cikin matata, da ƙara etanol. Amurka ta haramta dalma a man mota a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka cika a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021, shekara ɗari cif bayan binciken Midgley.

Kada mu ɗauka an gama. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda dillalai ke gauraya mai mai yawan salfa, wato farar wuta, musamman domin Afirka ta Yamma, irin wanda dokar Turai ta hana sayarwa a can. A Fabrairun 2022 kuma fetur mai yawan metanol ya shigo Najeriya daga Beljiyam, ya lalata motoci, ya jawo dogayen layuka.

Duk abin da ya fito ta salansa, wani ne ya yanke shawarar zuba shi a tanki. Yaron da ke talla a bakin titin Kano ko Maraɗi shi ke shaƙar wannan shawara. Mai neman jigon labari ko waƙa, ga shi nan a gidan mai na unguwarku. Sai na ji ra'ayoyinku.